Zoben Shamuwar Iya Hanse

Kun zo kuna ta shafa wayoyinku, wai in koya muku aikin zoben tsuntsu kafin la'asar don ku samu motar Daura. Kafin la'asar! To, ku gyara zama. Wannan mai jar hular har cewa yake ai ba wani abu ba ne, a ɗauki hoton ƙafar tsuntsu a tura wa mutanen jami'a, shi ke nan. Yaro, kallon kitse kake wa rogo. Je ka ɗauko min hoton ƙafar shamuwa tana tsakiyar tsamiya, tsamiyar tana tsakar gidan mutum, mutumin yana zaune a zaure, iyalinsa suna ciki suna daka. In ka dawo da wayarka lafiya, ka zo mu yi magana.

Ni ba 'yar boko ba ce. Sunana Talatu, ni dillaliya ce, a wurin uwata na gaji shiga gida-gida da atamfa da kwanuka da turaren wuta. Ɗan karatun da nake da shi a ajin yaƙi da jahilci na same shi, bayan na tara 'ya'ya, kuma bai wuce haruffa da lambobi ba. Ashe iyakar abin da aikin yake nema ke nan, sai ido, sai haƙuri, sai ƙafar da ba a hana ta shiga gida.

Ranar da na fara ganin Malam Nuhu, a hannun mutane na gan shi. Ina dawowa daga kasuwar Mai'adua da ƙullin kayana, na biyo ta wani ƙauye da ke arewa da garin, sai na tarar an shaƙe wa wani siririn mutum wuyan riga, hularsa a ƙasa. Laifinsa, ya tsaya a bayan danga ya saita madubin hangen nesa cikin gidan mutane. Yana ta rantsuwa shi tsuntsu yake kallo. Maigidan kuwa sai faɗa yake, yana cewa, "Tsuntsun uban wa? Duk faɗin dajin Allah ka rasa tsuntsu sai a kan matana?"

Na san maigidan, matarsa tana sayen turare a wurina. Na ce, "Malam Idi, a ba ni abin in shiga in duba. In ƙarya yake, sai ku ci gaba daga inda kuka tsaya." Aka miƙo min. Na shiga, na kafa shi a ido ta bai-bai, na ga tsamiyar ta gudu can nesa ta koma kamar tsintsiya, matan gida suna ta tuntsira dariya. Da na juya shi, sai ga shamuwa kamar in taɓa ta, ga zobe ruwan ɗorawa a ƙafarta da baƙin rubutu. Na fito na faɗi abin da na karanta. Bawan Allah nan, da rigarsa a yage, godiya ya shiga yi min, ko hularsa bai ɗauka ba.

A zauren mai unguwa ya yi min bayani. Malamin jami'a ne. Suna sa wa 'ya'yan shamuwa zobe tun suna cikin sheƙa, ɗaya na ƙarfe ɗaya na roba mai manyan haruffa, don a san inda take tafiya in damina ta wuce, a san ko tana dawowa inda aka haife ta, a san tsawon ranta. Amma zobe ba ya magana da kansa, sai wani ya gan shi ya faɗa. Ita kuma shamuwa ba ta son daji, mutane take so, cikin gidaje take sheƙa. Rabin zobban da ya sa da hannunsa suna bayan ƙofar da namiji ba ya wucewa. Ya ce, "Yaya Talatu, ke ba inda ba kya shiga." Na ce haka ne, amma ni ba inda nake shiga ina leƙen sama.

Rani guda ya yi yana koya min. Yakan ɗaure zobba a kan kara ya kafa can bakin gona, ni ina gindin bishiya ina karantawa. Yakan ce, ki ba rana baya. Ki dafa gwiwar hannu a kan gwiwa don kada madubi ya yi rawa. Ki lura ƙafar dama ce ko hagu, sama da gwiwa ko ƙasa da ita, wane launi. Babbar magana kuma, wadda yake maimaitawa har na gaji da ji: in harafi biyu kika gani, ki ce biyu, kada ki cike na ukun da ka. Ya ce cikon ƙarya guda yana iya kai tsuntsuwar da take Dutsi wata ƙasa da ba ta taɓa zuwa ba, kuma a rubuta, a yi shekaru ana gini a kai.

Kayan aikin ba su da yawa. Madubi, tsumma mai laushi na goge shi, kujera 'yar tsugunno, faifan da zan kare ido, da man zafi na shafa wa wuya. Kada ku yi dariya, man zafin ya fi komai ƙarewa. Ku ɗaga kai sama daga hantsi zuwa azahar ku ji yadda ake ji. Shamuwa kuwa ba ta taimakon kowa. Takan tsaya da ƙafa ɗaya, kuma wallahi kullum mai zoben take ɓoyewa cikin gashi. In rana ta yi zafi, kashi take yi wa ƙafafunta don ta ji sanyi, sai zoben ya koma fari fat kamar an shafa masa farar ƙasa. Wannan hotonku ba ya wanke shi. Sai dai ki jira a yi ruwa, ko ki sammako ki tare ta tana dawowa daga bakin tafki da ƙafa a wanke. Akwai zoben da na yi damina guda ina bi, haruffa biyu na samu, biyun na aika.

Da haka na haɗa sana'a biyu. In shimfiɗa kaya mata suna zaɓe, ni ina kan kujera ido a sama. Wasu gidajen alfahari suke yi, a ce, "Talatu, zo ki ga tamu ta iso." Wasu kuma mita, ta ɓata musu shanya, ta cika gida da ƙarni. Amma duk mitar mutum ba ya taɓa ta. Kun sani, a ƙasar nan ba a kashe shamuwa, ba a sare bishiyar da take kai. Ita ke zuwa gaban ruwa. Manomi yana ganin ta sauka zai shiga rumbu ya fiddo iri.

Gidan da na fi zama shi ne na Iya Hanse, a wannan ƙauyen dai da aka kusa yi wa Malam Nuhu duka. Babban gida ne da ya zube a hankali. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun tafi neman abinci kudu sun zauna, matan suna gidajensu. Ɗakuna sun rufta ɗaya bayan ɗaya, saura nata da wata ƙatuwar tsamiya a tsakar gida. Idonta ya yi yana, haske da duhu kawai take rarrabewa. Takan ce tun da aka kawo ta gidan shamuwa ba ta taɓa tsallake tsamiyar nan ba, kuma gidan da shamuwa ke sauka bai zama kango ba tukuna, ko da mutum ɗaya ya rage a ciki.

Da yake babu matan aure a gidan, Malam Nuhu yana shiga. Wata damina ya hau tsamiyar ya sauko da 'ya'yan a cikin buhu. Iya Hanse ta ce a ba ta ɗaya ta riƙe. Ta ɗora ta a cinya, ta rufe mata kai da gefen zane, tana lallashinta yadda ake lallashin jaririn da za a yi wa aski, har aka gama sa zoben aka mayar da ita. Shekaru kaɗan bayan haka, ina zaune a gindin tsamiyar da safe, sabuwar sheƙa a reshen gabas, na karanta zobe, na sake karantawa. Na kira Malam Nuhu a waya. Ya ce, "Ita ce, Yaya Talatu! Wadda Iya ta riƙe ce!" Da na faɗa wa tsohuwar, guɗa ta rangaɗa, ita kaɗai a cikin wannan zubabben gida. Daga ranar ba ta da wani suna sai "jikata".

Duk shekara, ana fara jin hadari a gabas, za ta aiko in zo. Ita tana jin fukafukai, tana jin ana ɓalle ƙirare, amma ba ta ganin ƙafa. Ni ce idonta. In na sauke madubi na ce jikarki ce, sai ta sa a dama min fura, ta yi ta faɗa wa duk wanda ya shigo gaisuwa cewa jikarta ta fi 'ya'yan cikinta zumunci. Damina da yawa muka yi haka. Malam Nuhu ya yi ritaya, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, aka bar ni da wasu matasa da sai a waya nake jin muryarsu.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da aka rufe boda. Ku da kuke cikin Daura labari kuka ji. A can, rabin samarin ƙauyen da babur suke ci, su ɗauko shinkafa ta hanyoyin cikin gonaki. Aka shiga kama su. Yau a ƙwace babur ɗin wannan, jibi na wancan, a hanyar da suke ganin babu wanda ya sani. Mutum in ya rasa abincinsa dole ya nemi wanda zai ɗora wa. Wani ya ga hoton tsuntsu a waya da wani ɗan akwati a bayansa, wai daga wata ƙasa. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta gama ƙauyuka: zoben nan na'ura ce, shamuwa tana shawagi tana ganin hanya, tana kai rahoto, dillaliya mai madubi kuma ita ke karɓar saƙon.

Ni! Ni da na yi wa uwayensu dillancin kayan ɗakin da aka haife su a ciki! Abin ya ci min rai ƙwarai. Da farko cewa aka yi maigida ya ce ki bar madubin a zaure. Daga baya sai a turo a ce matan gidan ba sa nan, ina kuwa jin dakansu. Tallan ma ya mutu. Na je wurin mai unguwa, ya ce, "Talatu, ni na san roba ce da ƙarfe. Amma kunnen yaran nan ba a hannuna yake ba."

Sun so su kashe shamuwar Iya Hanse, tunda a gidanta na fi zama, tsoro ya hana. Babu wanda yake son a ce shi ya kashe shamuwa ruwa ya ɗauke. Sai suka je wa Iya Hanse da magana, a cikin ladabi ma, har da tsugunawa. Suka ce, "Iya, zaɓi ɗaya. Ko a cire mata zoben nan, ko mu sare tsamiyar ta nemi wani gari." A lokacin tsuntsuwar tana kwance a kan ƙwai.

Na sami Iya tana zaune a gindin bishiyar ta jingina bayanta da ita. Na ce, "Iya, don Allah kada ki bari a taɓa ta. Ɗan da ke sheƙa ana ɗaukarsa a mayar, bai san komai ba. Babbar da ke kan ƙwai kuwa in aka kama ta, ba ta sake yarda da wurin. Ki ba ni kwana kaɗan, in je Daura in taho da mutanen jami'a, su zo da zobba a hannu, kowa ya taɓa, ya fasa in yana so."

Ta ce, "In suka riga ki fa?"

Na ce, "Ba za su iya ba, tana kai."

Ta ce, "Yaran yanzu ne, Talatu. Yunwa suke ji."

Na tafi. Wanda zai zo ya ce gobe, gobe ta zama jibi, mota ta lalace, abin dai da kuka sani. Da na dawo, ni kaɗai na dawo. Tun daga zaure na ji gidan ya yi shiru, irin shirun da ba na so. Na ɗaga kai ba tare da madubi ba. Sheƙar tana nan, hankaka biyu a bakinta.

Sale maƙeri, ɗan ƙanin mijinta, shi ya ba ni labari, yana magana yana kallon ƙasa. Ya ce samarin sun zo da gatari suka zauna a ƙofar gida suna wasa shi a kan dutse, don ta ji. Ta ji. Ta aika aka kira shi. Da asuba, kafin tsuntsuwar ta motsa, ya hau da zanen Iya ya lulluɓe ta ya sauko. Tsohuwar ta ce babu wanda zai riƙe ta sai ita. Ta ɗora ta a cinya tana cewa, "Yi haƙuri, jikata, sauke miki kaya za a yi." Ya sa awartaki ya datse na robar, ya buɗe na ƙarfen. Ya rantse min ko ƙwarzane bai yi mata ba, kuma na yarda, hannun Sale yana da kyau. Suka sake ta. Ta tashi, ta yi sama sosai, ta wuce tsamiyar ba ko kallo, ta sauka a kan wata kuka can bayan gari. Mijin nata ma ya bi ta. Kafin azahar hankaki sun gama da ƙwan.

Zobban kuwa, Iya ta miƙa wa samarin. Suka ɗora a kan dutsen da suka wasa gatarin, suka farfasa na robar, suka daddake na ƙarfen. Babu komai a ciki. Ɗaya ya ce, "Au, ashe ba komai." Suka karkaɗe wando suka tafi.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce, "Haba Iya! Ban ce ki jira ni ba?"

Ta ce, "Ina jin ƙarar gatarin, Talatu. In suka sare, ina za ta sauka baɗi? Na ce gara a cire mata abin da ya ja mata, ta huce, ta dawo gidanta." Ta kwance gefen zanenta ta zube min gutsattsarin a tafin hannu. "Ki kai wa mutanen jami'a. Ki ce ba mutuwa ta yi ba."

Na aika musu kamar yadda ta ce. Suka yi jimami a waya, suka ce za su rufe lissafin wannan tsuntsuwa a nan, tunda ba za a sake sanin komai a kanta ba.

Shekara ta zagayo. Boda ta buɗe, babura suka koma hanya, gidaje suka sake buɗe min ƙofa. Babu wanda ya ce min yi haƙuri, sai dai a ce, "Talatu, kwana biyu, ina kika shige?" Hadari ya fara haɗuwa, shamuwa ta iso ƙauyen. Ta sauka gidan Malam Idi, ta sauka gidan mai unguwa, har da gidan wanda ya wasa gatarin. Tsamiyar Iya Hanse, ko ɗaya. Sale ya hau ya gyara tsohuwar sheƙar da ƙirare, ya ce ko za su gani su yi sha'awa. Ba su zo ba.

Iya ta aiko in zo. Na tarar ta rame, ta fito da tabarmarta gindin bishiyar, a nan take wuni tana kasa kunne. Ta ce, "Na haƙura da ta zo nan. Ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Amma ki ɗauki madubinki ki zaga min gari, ki zaga ƙauyukan kusa. In dai na ji tana raye a gidan wani, ya ishe ni."

Na juya madubin a hannuna. Sannan na ce, "Iya, da me zan gane ta?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Shekara nawa kina kallonta? Ba za ki gane fuskarta ba?"

Na ce, "Fuskarsu ɗaya ce, Iya. Baƙin baya, farin ciki, duk haka suke. Ni ƙafarta na sani."

Sai a lokacin abin ya isa gare ta. Na ga hannunta yana laluben gefen zane, inda babu komai. Ta ce a hankali, "Ashe da hannuna na ɓatar da ita." Wallahi da na san inda zan sa kaina da na sa. Tausayinta ya kama ni.

Duk da haka ta ce in je, na kuma je. Na bar kayan talla a gida. Na bi ƙauyen gida-gida, na bi na gaba da shi, na kai har wajen Mashi a bayan babur. Duk bishiyar da ke da sheƙa na zauna a gindinta na duba ƙafafu. Na ga masu zobe, na karanta na aika. Na ga marasa zobe ba iyaka, ƙafa tas, kowace tana iya zama ita, kowace kuma tana iya zama ba ita ba. Ban taɓa jin nauyin madubin nan a wuya kamar a wannan tafiya ba.

Da na koma, tun daga zaure ta gane takuna. Ta ce in zauna in sha ruwa tukuna. Na sha. Ta ce, "Kin ga da yawa?"

Na ce, "Da yawa, Iya. Ko'ina sun cika, har da 'ya'ya, lafiyarsu ƙalau."

Ta gyaɗa kai. "To, tana cikinsu." Sannan ta lalubo hannuna. "Ai ko, Talatu?"

Na riƙe hannun kawai, don ba na cike abin da ban gani ba da ka. Ta jira, ta jira. Ba ta sake tambaya ba.

Ana cikin yankan gero aka yi mata sutura. 'Ya'yanta suka zo daga kudu, suka yi kwana bakwai, suka kulle ɗakin suka koma. Tsamiyar tana nan tsaye, babu wanda ya sa mata gatari, sai dai tun daga shekarar ba abin da ke kwana a kanta sai hankaka.